Fedar Jita da Hammatar Mai Kalangu

A bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega, akwai wata rumfar cajin waya da nakan tsaya idan na je gida. Mai rumfar saurayi ne da bai kai shekara talatin ba. Cutar shan inna ta shanye masa ƙafafu biyu tun yana goye, don haka a kan tabarma yake aikinsa, da 'yan kwalaye da wayoyin caji kewaye da shi. Iyayensa mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Kebbe, rashin tsaro ya sa suka dawo gari. A bayan rumfar, cikin wani tsohon buhu, yana ajiye jita mai amfani da lantarki wadda ya saya a hannun wani direba ɗan Nijar, tare da ƙaramar lasifika da wani akwatin sarrafa sauti mai faɗin farantin cin tuwo. Da kunne ya koyi kiɗan, daga waƙoƙin Buzaye da mutane ke kawo masa ya tura musu a waya.

Ranar da ya kaɗa mini, na lura da wani abu. A gefen akwatin akwai feda, irin totur ɗin mota, wadda aka yi domin makaɗi ya taka da ƙafa yana tsaye, sautin jitar ya riƙa buɗewa yana rufewa kamar bakin mai magana. Shi kuwa duk lokacin da yake son wannan sauti sai ya cire hannun dama daga kan tsirkiya ya danna fedar da tafinsa, kafin ya dawo da hannun kiɗan ya riga ya yanke. Na tambaye shi ko ba ya jin haushin hakan. Ya yi dariya ya ce, "Malam, hannu biyu Allah Ya ba ni, kuma duk suna bisa jita. Da mi za ni taka ta?"

Wannan tambaya tasa ce ta sa na zauna rubuta wannan maƙala, kuma ra'ayina shi ne amsarta ta fi kusa da mu fiye da yadda muke zato.

Bari mu fara da abin da fedar take yi, domin da yawa daga cikinmu mun sha jin sautinta ba mu san sunanta ba. Jitar lantarki ba ta da wata ƙara ta kanta. Girgizar tsirkiyarta ce ake mayarwa siginar lantarki, siginar ta bi waya zuwa lasifika. A tsakanin jitar da lasifikar ne makaɗa ke jera 'yan akwatunan da ke sauya sautin: wani ya sa shi amsa-kuwwa, wani ya sa shi gurnani, wani ya ja shi ya yi tsawo. Mafi shahara a cikinsu ita ce wadda Turawa ke kira wah-wah, sunan da aka kwaikwayo daga kukanta. Wani injiniya mai suna Brad Plunkett ne ya haɗa ta a Amurka a 1966, aka fara sayar da ita a 1967 da sunan kamfanin Vox. Aikinta shi ne ta zaɓi wani yanki na sautin ta ƙara masa ƙarfi, kuma idan aka taka ta gaba ko baya sai yankin da aka zaɓa ya hau sama ko ya sauko. Jimi Hendrix ya sa duniya ta san ta a ƙarshen shekarun 1960, kuma duk wanda ya taɓa jin kiɗan fim ɗin Shaft na Isaac Hayes, na 1971, ya ji ta daga farko har ƙarshe.

Daga baya sai aka raba fedar da akwatin. Aka yi feda wadda ita kanta ba ta fitar da kowane irin sauti, aikinta kawai ta gaya wa wani akwati "ƙara" ko "rage". Idan ka buɗe cikinta za ka yi mamakin ƙarancin abin da ke ciki. Abin murɗawa ne guda ɗaya, irin wanda ake ƙara muryar tsohuwar rediyo da shi, sai ƙarfe da ke juya shi idan an taka. A na'urorin zamani da ke magana da juna ta tsarin MIDI, wanda aka fito da shi a 1983, duk abin da fedar ke aikawa lamba ce tsakanin 0 da 127. Shi ke nan. Akwatin bai san ko ƙafa ce ta aiko da lambar ba, ko gwiwar hannu, ko haɓa. Ƙafa ta shigo zancen ne domin waɗanda suka ƙera abin sun ɗauka cewa kowane makaɗi yana tsaye a kan ƙafafu biyu masu lafiya, hannayensa sun cika da aiki, ƙafarsa kuwa tana zaman banza. Ga yawancin makaɗa wannan zato daidai ne. Ga mai rumfar Tambuwal kuwa, zaton ya zama ƙofar da aka rufe.

Masu ƙira a ƙasashen waje sun daɗe suna neman hanyar da motsin jiki zai maye gurbin takawa. Tun wajen 1920 wani Barashe mai suna Lev Termen ya ƙera abin kiɗan da ake kaɗawa ba tare da an taɓa shi ba, da kusantar hannu da nisantarsa kawai. A 2006 kamfanin Source Audio na Amurka ya fito da Hot Hand, zobe ne da makaɗi ke sawa a yatsa, a cikinsa akwai ɗan ƙaramin ma'aunin motsi, wato irin abin da ke sa hoton wayarka ya juya idan ka kwantar da ita. Idan makaɗin ya kaɗa hannu, sautin ya bi motsin. A Ingila mawaƙiya Imogen Heap da abokan aikinta sun ƙera safar hannu mai suna Mi.Mu, wadda ke karanta lanƙwasar yatsu da juyawar wuyan hannu. Wani makaɗin jita mai suna Kris Halpin, wanda larurar ƙwaƙwalwa da ke taɓa motsin gaɓoɓi ta fara hana shi riƙe jitarsa yadda ya saba, ya ci gaba da hawa dandamali da wannan safa ta hanyar ƙungiyar Drake Music, wadda ke aiki da makaɗa masu naƙasa. Sai dai kuɗin safar, lokacin da aka sa ta kasuwa, ya haura fam dubu biyu. Ba sai na yi lissafinsa da naira ba.

To amma tun ina sauraron bayanin waɗannan na'urori, hankalina bai tafi Landan ba, kasuwar garinmu ya koma, wurin mahauta. Duk ɗan Hausa ya san kalangu. Ganga ce mai siririn ƙugu, da fata a baki biyu, da igiyoyin fata da suka haɗa bakunan. Makaɗi yana rataye ta a kafaɗa, ya sa ta a hammata, hannu ɗaya yana riƙe da makaɗi. Idan ya matse ta da damtse sai igiyoyin su ɗaure, fatar ta yi tauri, sautin ya hau. Idan ya sassauta sai ya sauko. Da wannan matsi da sassauci ne kalangu ke bin hawa da saukar muryar Hausa har ya faɗi take, mahauci ya ji an kira shi, ɗan dambe ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Makaɗan Mamman Shata da shi suka yi ta amsa masa shekara da shekaru. Idan muka cire kwalliyar suna, abin da hammatar mai kalangu ke yi shi ne ainihin abin da fedar jita ke yi: sauya sauti a hankali, sama da ƙasa, da wata gaɓa wadda ba ita ke bugawa ba. Bambancin kawai shi ne kakanninmu hammata suka zaɓa, kuma mai kalangu yana iya yin aikinsa a tsaye, ko a zaune, ko yana tafe bayan ango.

Na tsaya a kan wannan ne domin ba kwatance ne na ado ba, shawara ce ta ƙira. Mai kaɗa jita a zaune yana ɗora damtsensa na dama a kan gangar jikin jitar, haka kowa ke riƙe ta. Wurin a shirye yake. Idan aka manna wani ɗan faifai mai jin matsi a daidai inda damtsen ke sauka, ko wata 'yar jakar iska irin ta abin awon jini da ke haɗe da ma'aunin matsi, to makaɗin zai iya aika waccan lamba ta 0 zuwa 127 ba tare da ya ɗaga hannu daga tsirkiya ba. Waɗanda shan inna ta taɓa wa ƙafafu galibi kafaɗunsu da damatsansu sun fi na kowa ƙarfi, saboda su ne ƙafafunsu tun suna yara. Ko a Amurka an taɓa yin tunani mai kama da wannan: a ƙarshen shekarun 1960 Gene Parsons da Clarence White sun haɗa wani ƙarfe a cikin jita wanda ke ɗaure tsirkiya guda idan makaɗin ya danna wuyan jitar ƙasa, igiyar ratayar ta ja a kafaɗarsa. Babu lantarki a ciki ko kaɗan.

Ina ganin matsi ya fi zobe dacewa da mu, kuma ga dalili. Feda tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: inda ka bar ta nan take zama. Kana iya ɗaga ƙafarka ka manta da ita. Hannu ko kai ba sa zama wuri ɗaya. Zoben da ke kan hannun da ke bugun tsirkiya yana jin kowane bugu, don haka sai makaɗi ya koyi raba motsin kiɗa da motsin umarni, abin da ba ƙaramin aiki ba ne. Idan a hula aka maƙala ma'aunin, to duk gyaɗa kai da makaɗi zai yi wa wanda ya yi masa liƙi sai sautin ya canza, ga kuma gajiyar wuya bayan awa biyu a wurin biki. Sannan duk abin da ba shi da waya yana buƙatar batir, yana iya jinkirta saƙo, kuma kunnen makaɗi yana kama jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba. Matsi kuwa yana da wurin hutawa: ka saki, ya koma sifili. Ana iya ƙara ɗan maɓalli da zai riƙe sautin a inda aka kai shi. Ana iya haɗa shi da waya kai tsaye, babu caji, babu abin da ƙurar hunturu za ta lalata cikin wata guda. Ban ce zai dace da kowa ba. Wanda hannu ɗaya ne ya shanye masa matsalarsa daban ce, makaho kuma ƙafarsa lafiya lau, abin da ke wahalar da shi shi ne akwatunan zamani masu allon rubutu da babu abin shafawa a ji. Naƙasa ba iri ɗaya ba ce, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa kamfanin da ke ƙera dubu ɗari iri ɗaya ba zai taɓa warware matsalar ba. Aikin tela ne, sai an auna mutum.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma na faɗa wa kaina. A ƙasar da mutanen Kebbe ke kwana da fargabar 'yan bindiga, inda wutar lantarki ke zuwa kamar baƙo, wane ne ke da lokacin fedar jita? Kuma jita nawa ce a Tambuwal gaba ɗaya? Gaskiya ne, ba su da yawa. Kiɗan zamani na Hausa a kan fiyano da kwamfuta ya ginu, a situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos. Amma kada mu yi saurin cewa jita baƙuwa ce a wannan yanki. Mdou Moctar, Buzun Nijar da yau ake cika manyan dandamali a Turai da Amurka domin jin jitarsa, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun bazu ne daga waya zuwa waya, a irin rumfunan da na ambata. Jitarsa ta farko kuwa da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Tsakanin Sakkwato da Ƙonni da Tawa kiɗa bai taɓa tsayawa a kan iyaka ba. Ban da haka, abin da zai aika lamba ga akwatin jita zai aika ta ga fiyano, wadda ita ma da feda ake riƙe sautinta, zai kuma aika ta ga kwamfutar situdiyo. Mai gurmi ko kukuma da ya manna wa abin kiɗansa makirufo shi ma yana iya amfana.

Game da yawan masu buƙata kuwa, tarihinmu na kusa ya isa shaida. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa saboda zargin da aka yi wa maganin, Kano ba ta dawo da shi ba sai a 2004, kuma cutar ta sake bazuwa a tsakanin. An yi aiki mai yawa bayan haka, sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka shiga gaba, har ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Wannan nasara ce ga yaran da za a haifa. Waɗanda cutar ta riga ta taɓa a shekarun 1990 da 2000 kuwa suna nan, yanzu ne suke cikin ganiyar ƙuruciyarsu, kuma tambayar da ke gabansu ita ce ta abin yi.

A nan ne nake ganin al'adarmu tana da abin yabo da abin zargi a haɗe. Bahaushe bai taɓa ɓoye mai naƙasa a ɗaki ba. Ya ba shi sarauta, akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, ya ba shi unguwa da murya a fada. Ya kuma yarda cewa fasaha ba ta tambayar ido ko ƙafa: Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma Imfiraji tasa tana cikin manyan waƙoƙin da aka taɓa yi da Hausa. Amma dubi inda muka fi jin baitocin Imfiraji, a bakin makafi masu bara, a tasha da ƙofar masallaci. Mun ware wa mai naƙasa murya, muka haɗa muryar da ƙoƙon bara, muka ɗauka an gama. Gwamnati ma a kan wannan layi ta fi tafiya. A zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko jihar Sakkwato ta fara ba masu naƙasa alawus na naira 6,500 a wata, abin da ya share hawayen gidaje da dama, ban raina shi ba. Dokar tarayya ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi maganar gine-gine da sufuri da kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, aka kuma kafa hukumar kula da su a 2020. Duk waɗannan suna magana ne a kan yadda mutum zai shiga wuri, ko yadda za a ba shi. Kayan aikin da zai riƙe idan ya shiga, domin ya nema da kansa, ba kasafai ake tuna su ba.

Alhali kuwa duk inda aka gyara kayan aiki, mun ga abin da ya biyo baya. Keken ɗinki na ƙafa ne, amma akwai na hannu, kuma da shi guragu da yawa suka zama teloli. Keken guragu mai feda a hannu maƙeranmu ne ke walda shi, da yawansu su ma shan inna ta taɓa su. A 1988 Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan allo mai taya, wasan da yanzu ake gasarsa tsakanin jihohi. A Kinshasa, wasu da shan inna ta naƙasa suka kafa ƙungiyar Staff Benda Bilili, suna kiɗa a kan kekunansu a gefen titi, kundinsu na 2009 ya kai su zagayen duniya. Wani yaro a cikinsu da gwangwani da waya guda ya haɗa abin kiɗansa, kusan irin kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi. A duk waɗannan, babu inda aka jira kamfani ya tausaya. Wanda abin ya dama ne ya zauna da mai walda ko mai gyara suka auna, suka ɓata, suka sake.

Akwai masu ganin kiɗa kansa abin ƙi ne, kuma a ƙasar Sakkwato wannan ra'ayi yana da tushe da malamai. Ba zan shiga wannan muhawara a nan ba. Abin da zan ce kawai shi ne, matuƙar ana biki ana kiran makaɗa, 'yan siyasa suna biyan kuɗin waƙa, gidajen rediyo suna sayen kiɗan talla, to sana'a ce da ake ci da ita, kuma ban ga hujjar a bar ta ga masu ƙafa su kaɗai ba. Wanda ya ƙi kiɗa ya ƙi shi ga kowa. Abin da ba na fahimta shi ne mutumin da zai yi wa makaɗi mai lafiya liƙi da dare, da safe ya jefa wa gurgu naira hamsin, bai taɓa tunanin cewa su biyun za su iya zama mutum ɗaya ba.

Wa zai ƙera? A kowace shekara ɗaliban injiniyan lantarki da na kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna neman aikin kammala karatu. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinsu ba: ɗan allon Arduino, ma'aunin matsi ko na motsi, waya, da 'yan layukan umarni da za su mayar da matsi lamba. Ga akwatunan da ba sa jin MIDI, akwai abin murɗawa na dijital da zai tsaya a matsayin na cikin feda. Ɓangaren da ke da wuya ba na lantarki ba ne. Shi ne ɗalibi ya bar harabar makaranta ya je ya zauna a kan tabarma da makaɗin, ya ga iyakar inda damtsensa ke kaiwa ba tare da ya gaji ba, ya daidaita na'urar da wannan iyaka, ya dawo bayan mako biyu ya ji abin da ya lalace. Makarantar masu buƙata ta musamman ta A. A. Raji da ke Sakkwato tana nan kusa, ga duk malamin da ke son ɗalibansa su yi aiki da mutane na gaske. Kuma ya kamata a bar zanen a buɗe, da bayani cikin Hausa, yadda mai gyaran rediyo a Dogon Daji ko Kuci zai iya haɗa nasa ya kuma gyara idan ya mutu. Na'urar da sai an aika Legas kafin a gyara ta, ranar da ta tsaya ranar ta zama shara.

Da na koma Tambuwal bayan sallah, na tarar mai rumfar ya riga ni fara gwaji. Ya ɗaure akwatin da robar tayar keke a jikin wata 'yar kujera, ya jingina ta a gefensa na dama, yana danna fedar da gwiwar hannu. Yana aiki, amma dole ya karkata jiki, kuma duk dannawa sai jitar ta zame daga cinyarsa. Na kwatanta masa zancen kalangu da jakar iska. Ya yi shiru, ya ɗauki jitar ya matse ta da damtse sau biyu yana kallon inda fatar hannunsa ke taɓa katakon, sannan ya sa alli ya zana da'ira a wurin. Ya ce akwai wani mai kemis a bakin tasha da ke da tsohon abin awon jini da ya daina aiki, zai tambaye shi ko zai sayar masa da jakar.